Keken hawan dutse: Dambatta ba ta da tsauni, amma tana da hanya

Duk mai yawan leƙa TikTok ko Instagram ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan. Wani ya maƙala kyamara a hular kwano, ya hau keke mai ƙatuwar taya, yana sulalowa ta wata 'yar siririyar hanya a gefen tsauni. Hagunsa dutse, damansa rami, can ƙasa kuma tafki ne a shimfiɗe, ruwansa garai-garai. Kana kallo cikinka na ɗurar ruwa, yana ƙarewa kuma ka sake kunnawa.

Wasan shi ake kira keken hawan dutse. Cikin wuraren da suka yi suna da shi akwai Tafkin Taho, a kan iyakar jihohin Kalifoniya da Nebada a Amurka, wanda yake kusan mita 1,900 sama da teku. Birnin Kano kuwa bai ko kai mita 500 ba. Idan ka miƙi hanyar Daura ko ta Katsina, ƙasa ce a shimfiɗe, gona na bin gona har iya ganinka. Shi ya sa ɗan Dambatta ko Bichi ko Minjibir zai kalli bidiyon ya ce wannan sai masu duwatsu, ya wuce abinsa.

Akwai saurin yanke hukunci a nan. Abin da wasan yake buƙata na farko shi ne hanyar ƙasa wadda mota ba ta bi, idan aka yi sa'a da ruwa a gefe to an more. Arewacin Jihar Kano yana da duka biyun. Sai dai hanyoyin namu suna da masu su, kuma yadda muka ɗauki waɗannan mutanen shi zai nuna ko wasan zai zauna a ƙasar nan ko kuwa za a kore shi tun bai yi tsawon rai ba.

Da akwala aka fara

A tsakiyar shekarun 1970, wasu samari a gundumar Marin ta Kalifoniya suka riƙa tsinto tsofaffin kekuna na shekarun 1930 da 1940, masu nauyin tsiya, suna gangarowa da su daga tuddan yankinsu. Irin keken da a nan za mu kira akwala. A watan Oktoban 1976 suka yi tserensu na farko a wata gangara da suka laƙaba wa suna Repack, saboda kafin mutum ya kai ƙasa birki ya ɗau zafi har giris ɗinsa ya ƙone, sai an sake cusa wani. A 1977 ɗaya daga cikinsu, Joe Breeze, ya ƙera keke musamman don wannan hawan. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da samfurin Stumpjumper kasuwa. A 1990 aka yi gasar duniya ta farko a Durango, sannan a 1996 wasan ya shiga Olamfik a Atlanta. Shekara 20 ke nan daga akwala zuwa Olamfik.

Ita ma hanyar da ta fi shahara a gefen Tafkin Taho, wadda ake kira Flume, ba don 'yan keke aka yi ta ba. Layin wata magudanar ruwa ce ta katako da aka shimfiɗa a ƙarni na 19 don kai ruwa garin masu haƙar azurfa. Aiki ne ya fitar da hanyar, wasa daga baya ya zo ya gaje ta.

Wanda zai ce ai can Amurka ce, to ya dubi Ruwanda. A gefen Tafkin Kivu, mai tsayin kusan mita 1,460 sama da teku, akwai hanyar Kongo-Nil, mai nisan kilomita 227 daga Rubavu zuwa Rusizi. Masu keke kan yi kamar kwana 5 a kanta, masu tafiya a ƙafa kwana 10. Mafi yawanta hanyoyin ƙauye ne da mutane ke bi zuwa gona da kasuwa, ta cikin gonakin gahawa da ayaba da ƙauyukan masunta. Abin da aka yi shi ne aka haɗa su, aka ba su suna guda, aka sa alamomi, aka tanadi wurin kwana. Ɗan ƙasar, Adrien Niyonshuti, ya yi tseren keken hawan dutse a Olamfik na Landan a 2012, shi ya riƙe wa ƙasarsa tuta. A watan Satumban 2025 kuma Kigali ta karɓi gasar tseren keken kan titi ta duniya, karo na farko a Afirka.

Na kawo Ruwanda ne saboda wani kamanni guda. Ƙasa ce mai cunkoson manoma, kusan ko'ina an nome. Haka karkarar Kano take.

Abin da ke ƙofar gidanmu

Shirin gina madatsun ruwa da aka faro zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, ya bar wa jihar nan tafkuna da yawa. Tiga ce ta fi suna, tana kudu. A arewa akwai Dam ɗin Thomas a tsakanin Dambatta da Makoɗa, akwai Watari a Bagwai, akwai Wasai a Minjibir. Kowanne a cikinsu hanyoyi sun kewaye shi: ta masunta zuwa bakin ruwa, ta masu noman rani zuwa lambu, ta shanu zuwa mashaya. Ba wanda ya zana su a takarda. Ƙafa da kofato da tayar keke ne suka fitar da su.

Daga bakin ruwan ka shiga cikin gonaki. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya koyar a ABU Zariya da Jami'ar Bayero, ya daɗe yana nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960, saboda yadda jama'a masu yawa suke noma ƙasa guda kowace shekara da taki da haƙuri, ba tare da an bar ta ta huta ba. Ga mai keke, ma'anar wannan ita ce ba ka yin nisa ba ka ga gida ba. Hanyoyi sun saƙu da juna kamar raga, daga wannan unguwa zuwa waccan, ƙarƙashin gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya. Ga burtali, hanyar dabbobi da ake shinge gefenta da aguwa ko bini-da-zugu don kada su faɗa wa shuka. Ga ƙoramar da ta ƙafe, ga kwazazzabo, ga tudun marmara, ga fadama. Wanda ke ganin ƙasar nan a miƙe take sumul, daga tagar mota yake kallonta.

Mai son dutse na gaske kuma ba sai ya yi nisa ba. Daga Dambatta ka ƙara gaba kaɗan ka shiga Kazaure, wadda take cikin Jihar Kano har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro Jigawa. Garin a tsakiyar duwatsu yake, ga kuma dam a gefensa.

Sannan keke ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu da keken Raleigh suka yi ado, har masana'antar haɗa shi an taɓa yi a Kano. Bayansa Phoenix na ƙasar Sin ya cika ƙauyuka. Har gobe za ka ga dattijo ya ɗaure buhu a kariya yana ratsa yashin da babur ke tangal-tangal a ciki. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kekunan da aka jingine a zaure suka sake fitowa. Matsalarmu mu matasa ita ce mun ɗauki keke alamar babu. Abin mamaki, shi ɗin ne dai muke danna wa alamar so idan Bature ne a kai.

Yashi da ƙaya

Wahalar hawan keke a nan daban take da ta tsauni. Su numfashi ke yi musu wuya saboda tsayi, mu kuwa yashi da ƙaya da rana ne abokan karawarmu.

Keken da ya dace shi ne mai faffaɗar taya da giya da birki mai ci. Na gwanjo ya wadatar. Kafin ka biya, ka juya shi ka duba ko ƙarfen jikin ya tsage ko an yi masa walda, ka juya ƙafafun ka ga ko suna rawa, ka gwada giya ɗaya bayan ɗaya. Kada ƙaton shokozoba na tsakiya ya ruɗe ka. A kekuna masu araha yawanci nauyi kawai yake ƙarawa, yana kuma shanye ƙarfin da kake sawa a feda. Wanda ba shi da halin saye ya gyara na gida, ai da tsohuwar zuma ake magani.

A cikin yashi, ka ɗan rage iskar taya don ta baje ta daina nitsewa, amma kada ka rage da yawa, in ba haka ba dutse na farko zai tsinke maka tib. Ka sauko giya mai sauƙi tun kafin ka shiga, ka mayar da nauyinka baya, ka ci gaba da juya feda ba tsayawa. Kada ka ƙanƙame kan keken, ka bar shi ya nemi hanyarsa. A gangara kuma kada ka damƙe birkin gaba shi kaɗai farat ɗaya, sai dai ka tsinci kanka a ƙasa keke na bisanka.

Ƙaya kuwa sai dai haƙuri. Tsidau da kashin-yawo ba sa raga wa taya, ƙarangiya kuma wandonka take jira. Famfo da kayan faci da tib guda na ajiya dole ne, kuma ka koyi yin facin da hannunka wurin mai gyaran keken unguwarku tun kafin ranar. Hular kwano ma dole ce. Abokai za su yi maka dariya, ka bar su su yi. Kai ɗaya gare ka.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. An girbe gero da dawa, ido na gani nesa, ƙasa ta bushe, ga sanyin hunturu. Ranar da hazo ya yi yawa ka rufe hanci, mai asma kuma ya haƙura da fita. A Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, don haka duk wanda zai fita ya fita bayan sallar asuba ya dawo da hantsi, da ruwa isasshe a goye. Da damina kuwa hanyoyi sun matse, shuka ta fi mutum tsayi, ba ka ganin abin da ke bayan kwana. Yaro ko jaki na iya ɓullowa a kowane lokaci.

Hanya tana da masu ita

Nan ne fa gizo ke saƙa. A Taho mai keke yana hawa ne a filin gwamnati da aka keɓe don shaƙatawa. A Dambatta ko Bagwai babu wani wuri da za a ce ba na kowa ba ne. Kowace gona da mai ita, kowace bishiya da wanda ya gaje ta, ko karan da ka gani a tare a gefen hanya abincin dabbar wani ne ko dangar gidansa. Abin da kai ka ɗauka filin wasa, wurin cin abincin wani ne.

Ko a Amurka sai da aka kai ruwa rana. A shekarun 1980 an yi ta rufe wa masu keke hanyoyi a Kalifoniya saboda ƙorafin masu tafiya a ƙafa da mahaya dawaki. Wannan ne ya sa ƙungiyoyin 'yan keke suka haɗu a 1988 suka kafa ƙungiyar IMBA, suka fitar da ƙa'idoji: ka hau inda aka yarda kawai, ka ba wa na ƙasa hanya, kada ka firgita dabba, kada ka bar ɓarna a bayanka. Sun gane cewa idan ba su ladabtar da kansu ba, za a ladabtar da su.

Namu ƙa'idojin ma ba sai an aro ba, tarbiyyar gida ce. Idan za ku fita a ƙungiya, ku fara zuwa wurin mai unguwa ko dagaci ku gabatar da kanku. Baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma a wannan zamani samari goma da ba a sani ba su ɓullo ƙauye fuska a rufe, ba abin wasa ba ne. Idan kun iske dattijo a gona, ku rage gudu ku ce sannu da aiki Baba. Idan kun haɗu da garke a burtali, ku sauka ku raɓe, shanu ne ke da hanya. Saniya guda ta firgita ta faɗa lambun wani, kun haɗa makiyayi da manomi rigimar da ku ba za ku tsaya ganin ƙarshenta ba. Kada ku yanke ta cikin gona, ko da an girbe, don sau da yawa akwai wake ko rogo da bai isa cira ba. Kada ku hau kan kunyar masu noman rani ko bakin magudanarsu, tayar keke guda tana iya fasa ruwan da mutum ya sayi fetur ya jawo. Ledar ruwa da robar lemo kuma ku dawo da abinku, akuya na ci ta mutu.

Sai babbar magana, waya. Yawancinmu don bidiyon za mu je, kada mu yaudari juna. Babu laifi. Amma matar da ke jan ruwa a rijiya, da yarinyar da ke tallar fura, da tsohon da ke alwala a ƙofar gidansa, ba kayan adon shafinka ba ne. Ka nemi izini. Idan an ce a'a, ka mayar da waya aljihu ba tare da ɓata rai ba. Kada ka ɗaga kyamara ta saman danga. Kada kuma ka ɗora hoton mutane da rubutun da zai sa 'yan birni su yi musu dariya. Mu da muke karatun aikin jarida ana nanata mana wannan a aji, amma yau duk mai waya ɗan jarida ne, don haka hukuncin ya hau kan kowa. Mutanen ƙauyen ma suna da waya, za su gani. Bidiyon raini guda ɗaya ya isa ya rufe wa duk masu keke ƙofar gari.

Ruwa da tsaro

Bayan an sha rana, ruwan dam zai yi ta kiranka. Ka yi masa kunnen uwar shegu. Bakinsa laka ce mai riƙe ƙafa, zurfinsa kuma ba ya sallama. Sannan irin wannan ruwan da ke kwance shi ne gidan dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya, ciwon da ke sa fitsarin jini. Idan kuma za a tsallaka da kwalekwale, a kula da lodi. Ba mu manta da abin da ya faru a Dam ɗin Watari a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, lokacin da jirgin da ya taso daga Badau zuwa Bagwai ya kife, mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Batun tsaro ma ba a ɓoye yake ba. Ƙauyukan kan iyaka da Katsina, ɓangaren Shanono da Tsanyawa, sun fuskanci hare-haren 'yan bindiga a ƙarshen 2025. Ku tambayi 'yan gari kafin ku zaɓi hanya, matambayi ba ya ɓata. Kada mutum ya fita shi kaɗai, a gida a san inda kuka nufa, kuma kada ku sanar da duniya wurin da kuke kai tsaye. Ku bari sai kun dawo sannan ku ɗora.

Me za a samu?

Lafiyar jiki da sanin ƙasar haihuwa, wannan a fili yake. Da yawanmu mun san sunayen titunan Dubai amma ba za mu iya bambance gawo da marke ba. Bayan wannan akwai ɗan abin da zai shiga aljihun mutanen wurin. Samari 15 idan suka tsaya a ƙauye, mai shayi zai yi ciniki, mai ƙosai za ta yi, mai faci zai samu, yaron da ya nuna hanya a sallame shi. Idan abin ya zama na kowane mako, ba ƙaramin abu ba ne. Ku sayi abinci a can, kada ku ɗauko komai daga birni ku bar musu ƙura kawai.

Akwai kuma amfanin da ba a cika tunawa da shi ba. Burtali yana ta tsukewa a wurare da yawa saboda gonaki na cinye shi kaɗan-kaɗan, kuma wannan na cikin abubuwan da ke haddasa faɗan manoma da makiyaya. Manhajoji irin su Strava suna zana duk hanyar da ka bi a taswira. Matasan da ke bin waɗannan hanyoyi shekara bayan shekara za su zama suna da shaidar yadda suke, abin da zai iya amfanar masu gari da ƙaramar hukuma ranar da ake neman sasanci.

Ku ma 'yan'uwa mata ba a bar ku a baya ba. Wadda ta wakilci Najeriya a tseren keke a Olamfik na Faris a 2024 mace ce, Ese Ukpeseraye, kuma da keken da tawagar Jamus ta ara mata ta shiga wasu daga cikin wasannin. Wadda ke da sha'awa ta nemi yardar gida, ta haɗa ƙawayenta da wani yayansu, a yi shiga ta mutunci, a kula kada gefen hijabi ya shiga sarƙa ko ƙafar keke.

Ba sai an jira gwamnati ta yanka ƙyalle ba. Mutum biyar sun isa a fara. Ku zaɓi zagaye gajere, kamar kilomita 10, a gefen dam ɗin da ya fi kusa da ku. Ku samu ɗan garin ya shige gaba, shi ya san inda yashi ke cin taya da inda kare yake. Ku je ku gaida mai unguwa kwana guda kafin ranar. Idan kun gama, ku koma ku yi masa godiya, ku tambaye shi ko akwai wanda ya kawo ƙararku. Amsar da ya ba ku ita za ta gaya muku ko akwai fita ta biyu.